Sai Ƙarfe Uku Za Mu Yi Ihu

Ni ne mai lasifika a filin ƙwallon garinmu Wiemelsen, kuma tun kafin a haifi rabin 'yan wasanmu nake wannan aikin. Sunana Ewald. Ina da ɗan akurkin ɗaki a saman rumfar 'yan kallo, da kujera mai gurguwar ƙafa, da makirufo da ba na yarda kowa ya taɓa, ko da shugabar kulob ce. Aikin ba shi da yawa. In karanta sunayen 'yan wasa, in roƙi wanda ya tare hanya da motarsa ya zo ya kawar da ita, in tuna wa jama'a cewa tsiran alade ya kusa ƙarewa. Amma akwai abu ɗaya da saboda shi nake hawa matakalar nan da gwiwoyin da likita ya ce in daina wahalar da su. Idan ɗan wasanmu ya jefa ƙwallo a raga, ni zan kira sunansa na farko, jama'a su amsa da sunan gidansu da iya ƙarfin maƙogwaronsu. Sau uku ake yi. Daga nan in ce na gode, su ce ba komai, kowa ya koma kan kofin giyarsa. Haka ake yi a manyan filayen da ake nunawa a talabijin, haka muke yi mu da ba ma cika ɗari huɗu sai ranar da ake raba kek kyauta.

Gerrit Kattenbusch bai taɓa jin nasa ba.

Shekara goma sha takwas yana cin abinci da ƙwallo, mai tsaron baya, dogo, kai kamar tukunyar ƙarfe. Ya fara a rukuni na uku, inda ake biyan mutum albashi sosai, har a haska fuskarsa a talabijin ranar Asabar. Kakar wasa biyu ya yi a can. Daga nan sai ya fara gangarowa a hankali, ba da garaje ba, don shi mutum ne mai natsuwa. Ya yi rukuni na huɗu a arewa, bakin teku, inda iska ke dawo wa gola da ƙwallon da ya buga. Ya yi na huɗun a gabas, kulob ɗin ya rushe da shi a ciki. Ya yi na biyar a garuruwa uku da ni ma sai na duba taswira. A ƙarshe ya faɗo mana a rukuni na shida, shugabarmu Mechthild Brüggemann ta cafe shi. Ta ba shi gida a saman gidan burodi, da mota mai ɗauke da sunan kamfaninta na rufin gidaje a kowane gefe, da aikin rabin yini a kan rufin mutane. A wajenmu wannan shi ne ƙwararren ɗan ƙwallo, kuma duk wanda ya yi dariya ya zo ya gwada wuce Gerrit da ƙwallo.

Tsaron baya dai ba a cewa komai. Amma cin ƙwallo, Allah bai rubuta masa ba. Ya daki turke, ya daki gola, ya daki wani mai ɗaukar hoto har sai da aka yi masa ɗinki. Sau biyu ya ci, duka a ragar gidansu, kuma wannan ba a kiran sunan mutum a kanta, sai dai a kira uwarsa. Akwai ranar da ta shiga ta gaskiya, can a arewa, mai lasifikarsu har ya ce "Gerrit", jama'a sun ja numfashi, sai mataimakin alƙalin wasa ya ɗaga tuta ya ce satar gida ce.

Shi bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. In an tsokane shi sai ya ce aikinsa hanawa ne, ba ci ba. Matarsa Silke ce ta tona masa asiri, ranar da muka haɗu a layin mahauci, ana saura 'yan makonni a rufe kakar wasa, wadda kowa ya san ita ce ta ƙarshe gare shi, don gwiwarsa ta dama ta riga ta yi ritaya ba ta jira shi ba.

Ta ce, "Ewald, zan gaya maka magana, amma in ya ji daga bakinka, ni da kai ne."

Na ce, "Bakina ƙanin ƙafata." 

Ta harare ni. "Kai da kake da lasifika? To ji nan. Jiya na je gareji ɗauko dankali, na tarar ya kulle ƙofa. Sai na ji ya ce 'Gerrit' da 'yar siririyar murya irin taka. Sannan ya kumbura murya ya amsa wa kansa 'Kattenbusch'. Sau uku. Har da na gode, har da ba komai."

Na fara dariya, sai na ga ita ba dariya take yi ba. Ni ma na daina. Ƙato mai 'ya'ya biyu, shi kaɗai a gareji tsakanin buhun dankali da tayoyin hunturu, yana zama jama'ar kansa. Na ji tausayinsa ƙwarai, har na manta abin da na zo saya.

Wasa huɗu suka rage a lokacin. Na gaya wa kociya, kociya ya gaya wa yara, aka shiga tura wa Gerrit kowane bugun kusurwa. Ya sa kai, ya sa ƙafa, ya sa ƙirji, ko ɗaya ba ta shiga ba. Sai ya rage wasan ƙarshe, a gida, ranar Lahadi. A nan ne Dokta Uhlenbrock ya shigo cikin labarin, ko da yake shi ya daɗe a cikin rayuwarmu kamar ciwon haƙori, wanda dama shi ne sana'arsa kafin ya yi ritaya.

Wannan Dokta daga birni ya zo neman hutu, ya duba garin kaf, bai ga inda ya yi masa ba sai gidan da ke bayan ragarmu. Filin nan kakana ya buga ƙwallo a cikinsa. Amma da Dokta ya tare, sai ya gano da mamaki cewa a filin ƙwallo ana ihu. Ya sayi na'urar auna ƙara, ya kafa ta a barandarsa, ya kai mu kotu, kuma ya ci. Alƙali ya ce ranar Lahadi daga ƙarfe ɗaya zuwa uku lokacin hutun rana ne, ba lasifika, ba ganga, ba ihu. Mun taɓa karya wannan sau ɗaya, ranar bikin yara, aka ce in muka ƙara za a rufe filin shekara guda. Ba mu damu sosai ba, don dama ƙarfe uku muke fara wasa.

Sai dai wasan ƙarshe na kaka, duk kulob-kulob a lokaci ɗaya suke farawa, don kada wani ya ji sakamakon wani ya yi dabara. Masu shirya gasa suka ce bana ƙarfe ɗaya ne. Mechthild ta buga musu waya, ta yi lallashi, ta yi zagi, ta sake lallashi. Suka ce in an ɗaga mana sai an ɗaga wa kowa, kuma ba za a ɗaga wa kowa ba. Wato wasan zai fara cikin shiru ya ƙare cikin shiru.

Mechthild ta toya kek na tuffa, ta ce in sa riga mai kyau in raka ta. Mace ce da take hawa rufin coci ba igiya, amma a ƙofar Dokta sai da ta gyara gashinta. A wajenmu in ana girmama namiji Herr ake ce masa, mace kuma Frau.

"Herr Dokta, barka da hutawa. Ga ɗan kek."

"Frau Brüggemann. Herr Ewald. Na gode. Sukari ne a ciki?"

"Kek ne, Herr Dokta."

"Shi ya sa na tambaya. Na ga bakin mutanen garin nan."

Ta haɗiye wannan, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Mutum ɗaya, wasa ɗaya, wataƙila ma ba zai ci ba, in ya ci kuma ihun bai wuce na haɗiye lomar burodi ba.

Dokta ya saurara har ƙarshe, don yana da ladabi, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Ya ce, "Ni ba ni da komai da Herr Kattenbusch. Shi ya gyara mini indararo, kuma ya yi aiki mai kyau. Amma ba ni na hana ku ba, hukunci ne. In na ɗaga muku yau, gobe ku ce mai tsaron gida ne yake bikin haihuwa. Da ƙarfe uku ta buga, ku yi ihu har muryarku ta dishe. Ni ma a lokacin nake kunna rediyo."

Na ce, "Ai kafin uku an tashi wasan, Herr Dokta."

"To sai ya ci a wani makon."

"Ba wani makon."

Ya ce, "Wannan abin baƙin ciki ne," kuma na rantse da gaske yake faɗa. Sannan ya karɓi kek ɗin ya rufe ƙofa.

Ranar Juma'a bayan atisaye na tarar da Gerrit zaune a benci yana naɗe gwiwa. Ya riga ya ji labari, don a garinmu in ka yi atishawa a gidan burodi, kafin ka kai gida an ce maka sannu da mura.

Ya ce, "Tsoho, ka gaya wa yaran nan su bar turo mini ƙwallo ranar Lahadi."

"Don me? Ai ita ce ta ƙarshe."

"Shi ya sa. In ban ci ba, shi ke nan, mutum ne da bai taɓa ci ba, akwai irinmu da yawa. Amma in na ci aka yi tsit kamar ana jana'iza, wannan ba zan iya ɗauka ba. Gara in tafi da yunwata."

Na ce, "Wa ya ce maka kana jin yunwar wani abu? Ba kai ke cewa aikinka hanawa ba?"

Ya ɗago ya dube ni. "Silke ta gaya maka zancen gareji."

"Wane gareji?"

"Muryarka ma ba ta da daɗin kwaikwayo. Sai mutum ya toshe hanci."

Ranar Lahadi filin ya cika har bakin shinge, don kowa yana son Gerrit, kuma kowa yana son ya ga yadda ake ƙwallo ba ihu. Mechthild ta kwaso safar hannu ta ma'aikatan rufi kwali-kwali ta raba a ƙofa, ta ce duk mai son tafi ya sa. Ta kafa dattawan kulob a gaban 'yan kallo, kowanne da yatsa a leɓe. Magoya bayan baƙi sun zo da ganga daga ƙauyensu, aka yi musu bayani, suka ce ai doka doka ce, suka mayar da ita cikin bas. Ni kuwa na hau ɗakina na zauna gaban makirufo a kashe, kamar wanda aka ajiye wa tuwo aka ce kada ya taɓa. Can bayan raga Dokta yana baranda, da hula, da na'urarsa, da kofin gahawa.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. Abin da ya fi komai ƙara a filin shi ne tsiran da ke gasuwa a kan wuta. Duk ashar ɗin da ɗan wasa ya yi, uwarsa ta ji daga inda take zaune, har wata ta miƙe ta nuna ɗanta da lema. Kociyanmu, mutumin da ba ya iya cewa a miƙo gishiri sai da tsawa, ya koma raɗa, fuskarsa ta yi jawur kamar za ta fashe. In aka yi wasa mai kyau sai ka ji tafin safar hannu, bus-bus-bus, kamar ana kaɗe katifa a maƙwabta. Baƙi suka ci mu ɗaya, suka rungumi juna shiru. Muka rama, na ɗaga allo na rubuta sunan yaron da alli, jama'a suka gyaɗa kai.

Gerrit kuwa ya tsaya a baya ya ƙi tsallaka tsakiyar fili. Da aka dawo hutun rabin lokaci muka sami bugun fanareti. Yara suka ɗauki ƙwallo suka kai masa har gida, ya sa hannuwa a baya ya ƙi karɓa. Kyaftin ya cusa masa a ciki, ya bar ta ta faɗi. Suka yi ta faɗa da raɗa, alƙalin wasa yana nuna agogo, har dai wani ya buga, ya kuma zubar. Ɗaya da ɗaya aka ci gaba.

Ana dab da tashi muka sami bugun kusurwa. Kociya ya yi wa Gerrit alama ya hau. Ya girgiza kai. Kociya ya sake, ya sake girgizawa. Sai Mechthild ta miƙe daga kujerarta ta nuna masa gaba da yatsa ɗaya, irin nunin da take yi wa ma'aikaci in ya bar guduma a kan rufi. Wannan kam ba a ƙi. Ya taho yana ɗingishi, ya shiga cikin cunkoso, kuma don kowa ya san matsayinsa, ya juya wa mai bugun baya, ya tsaya yana kallon itatuwa.

Yaron ya bugo. Golan baƙi ya fito ya naushe ta da hannu biyu. Ta tafi kai tsaye ta daki ƙeyar Gerrit, ta yi sama, ta yi lilo kamar tana shawara, ta sauko ta bayan gola ta faɗa raga.

Mutum ɗari huɗu suka miƙe, baki ɗari huɗu ya buɗe. Mechthild ta juyo ta fuskance su ta ware hannuwa, idanunta kamar za su faɗo. Wani ya cusa hularsa a baki. Wata tsohuwa ta toshe bakin mijinta da safar hannu. Ba abin da ya fita sai wani irin huci, kamar an sassauta tayar babbar mota. Babban yatsana yana kan maɓallin makirufo, kuma Allah ya sani na kusa dannawa. Na dubi Gerrit, na dubi ƙananan yaran kulob da ke zaune a bakin layi da rigunan da suka fi su girma, waɗanda za su rasa fili shekara guda. Na ɗauke yatsana. Ban taɓa tsanar kaina da Dokta da alƙalin kotu a lokaci ɗaya kamar wannan lokacin ba.

Gerrit ya juyo yana shafa ƙeya, ya ga ƙwallo a raga. Yara suka rufe shi suna bubbuga bayansa shiru. Shi ko hannu bai ɗaga ba. Ya ɗago kai ya dubi tagata, sau ɗaya, sannan ya sunkuyar. Aka mayar da ƙwallo tsakiya, aka taɓa ta sau biyu, alƙalin wasa ya hura tashi. Agogon hasumiyar coci, wanda ake hangowa daga ko'ina a filin, ya nuna saura kamar minti goma ƙarfe uku ta cika.

Ya kama hanyar ɗakin canja kaya, kansa a ƙasa. Na sauko matakala da gudun da rabona da shi tun ina saurayi. Kafin in kai ƙasa na lura ba wanda ya motsa daga wurinsa. A garinmu ana hura tashi mutane ke rige-rigen fita don kada a tare su a wurin ajiye motoci. Yau kowa yana tsaye, kuma ba fili suke kallo ba, duk sun juya suna kallon hasumiya. Ban san wanda ya fara ba, ba wanda ya ba da umarni. 'Yan wasan baƙi ma suka zauna a ciyawa suka fara kwance takalma, direban bas ɗinsu ya kashe inji.

Silke ta riga mijinta zuwa ƙofar ɗakin, ta tsaya a bakinta ta harɗe hannu.

Ya ce a hankali, "Matsa in wuce."

"Ba inda za ka."

"Silke, don Allah. Wanka nake so in yi."

"Ka yi shekara goma sha takwas kana wari, minti goma ba za ta kashe ka ba. Koma."

Na iso ina haki. Ya dube ni ya ce, "Tsoho, bar shi kawai. Ta riga ta huce. Ba a kiran suna bayan an tashi wasa."

"Wa ya ce? Nuna mini inda aka hana."

Ba inda aka hana, kuma shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ba a hana ba ya halatta.

"Da ƙeya fa na ci," in ji shi. "Ban ma gan ta ba."

"Mu mun gani. Ba kyau, amma ta shiga. Je ka tsakiya ka tsaya, kafin Mechthild ta sake nuna ka da yatsa."

Ya tafi ya tsaya a da'irar tsakiya shi kaɗai, ƙato da shi, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Mechthild ta kai masa furanni da rigarsa a cikin gilashi, kamar yadda ake yi wa duk mai barin kulob, ta yi jawabin bankwana da raɗa, wanda ba wanda ya ji, kuma kowa ya ce shi ne jawabinta mafi kyau. Na koma sama. Minti goma ba komai ba ce, sai ranar da mutum ɗari huɗu suke kallon hannun agogo yana rarrafe. Wani jariri ya fara kuka, aka fita da shi da gudu kamar ya kama da wuta.

Ƙararrawar coci ta buga. Na kai hannu ga maɓalli, jama'a suka ja numfashi. Sai na ga Mechthild tana kaɗa mini hannu da ƙarfi tana nuna baranda. Dokta ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, idonsa a kan agogon hannunsa. Ashe agogon coci yana gaba da minti guda. Duk garin ya sani, shi ya sa ba mai makara zuwa jirgin ƙasa, amma yau kowa ya manta. Aka sake haɗiye numfashi. Mutum ɗari huɗu, da baƙi, da alƙalin wasa, muka tsaya muna kallon yatsan likitan haƙori.

Ya sauke yatsan. Ya ɗauki na'urarsa da kofinsa, ya ɗan rusuna wa tsakiyar fili, ya shiga ya rufe taga.

Na danna. Lasifika ta yi 'yar ƙara irin tata. Na ce, "Jama'a, ƙwallo ta biyu ga Wiemelsen. Wanda ya ci, mai lamba huɗu, namu, Gerrit..."

"Kattenbusch!"

Tantabarun hasumiya suka watse. Awa biyu mutanen nan suna tara ihu a ciki, ga na fanareti, ga na alƙalin wasa, ga na Dokta, duk suka juye shi a kan suna ɗaya. Na sake kira, suka sake amsawa, har da baƙi, har da golan da ya naushe ƙwallon. A na uku muryata ta karye a tsakiya, amma ba su jira na gyara ba. Na ce na gode. Suka ce ba komai.

Sai aka yi shiru, na gaske wannan karon. Gerrit yana tsaye da furanni a hannu ɗaya, gilashi a ɗaya, fuskarsa sharkaf, ba hannun sharewa. Ya tako a hankali har ƙarƙashin tagata, ya ɗaga kai.

"Shi ke nan?"

Na kashe makirufo na leƙo. "Shi ke nan. Sau uku ne."

"Gajere ne ashe."

"Haka yake wa kowa."

Ya gyaɗa kai. Ya ja hanci, ya dubi jama'a, ya sake duba na. "Na farkon ban ji shi sosai ba, tsoho. Kunnena ya toshe."

Tun da na fara aikin nan ban taɓa kiran kowa sau huɗu ba, ko yaron da ya ci mana kofi. Sau uku ne, kowa ya sani, kuma in aka fara yi wa wani ƙari, gobe kowa zai nema. Na gaya masa haka. Ya ce ya gane, ya juya zai tafi.

Na danna maɓallin.